Yadda Na Sa Baffa Ya Zargi Kunnensa

Kafin sunana ya ɓaci a Dutse, da kaifin kunne aka san ni. Ɗan Fulani ne ni daga wata ruga a bayan Kafin Hausa. Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, sai mahaifina ya kai ni wurin amininsa, Baffa Sale, mai wani ɗan situdiyo a unguwar Takur, inda ake ɗaukar ƙasidu da waƙoƙin biki da tallar rediyo. Ya ce masa, "Ga shi nan, amana." Baffa ya ce, "Ɗanka ai ɗana ne." Shekara huɗu ina cin tuwon gidansa, ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba sai "ɗana".

Baffa yana da wani iyafis mai tsada, irin wanda ake cusawa cikin kunne, ƙaninsa ne ya kawo masa daga ƙasar waje. Da shi yake tace kowane aiki kafin ya fita, kuma ba ya barin kowa ya taɓa. Sai a shekarata ta uku ya miƙo mini. Na cusa shi da garaje, ya ce, "Ba haka ba. Ja kunnen sama, ka murza a hankali har robar ta zauna." Tana zama, ƙarar janareto ta ɓace, hayaniyar titi ta ɓace. Na ji numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti. Na ji yatsan makaɗi yana gogar fatar kalangu. Ganga tana can ƙasa da nauyinta, amma ba ta danne murya ba. Da na cire, Baffa ya yi dariya ya ce, "Ka ji ko? In robar ba ta zauna daidai da kunne ba, rabin kiɗan ya zube ƙasa."

Daga ranar abin ya shiga raina. Na fara da ɗauka a ɓoye idan ya tafi masallaci. Daga nan na koma tafiya da shi ɗakina ranar Juma'a, in dawo da shi kafin ya lura. Ina ce wa kaina ai aro ne.

Wata rana ya aike ni Kano sayen wayoyin aiki. A wani shago na ga iyafis sak irin nasa, har kwalin, a kuɗin da bai kai na takalmi ba. Mai shagon ya ce, "Jabu ne, amma ko wanda ya ƙera na ainihin sai ya duba sau biyu." Na saya. Da na saurara, sautin kamar ana kiɗa cikin gwangwani. Mako guda yana aljihuna ina kokawa da zuciyata, rana ta takwas ta kayar da ni. Na cire tsohuwar robar Baffa, wadda ta saba da kunnensa, na sa wa jabun, na ajiye masa a cikin akwatinsa. Na ainihin kuma na tafi da shi.

Washegari ya saka ya fara aiki. Ina kallonsa ta gefen ido. Ya cire, ya goge kunne da bakin rawani, ya mayar. Can ya ce, "Ɗana, zo ka ji wannan. Kamar muryar ta dushe."

Na karɓa na saka. Na ji gwangwanin nan sarai. Na ce, "Tangaran nake ji, Baffa. Babu abin da ya same shi."

Sai ya ce, "To ni ne ke nan. Tsufa ya zo."

Duk laifukan da na yi daga baya, babu wanda ya kai wannan maganar muni. Mutumin ya yarda da kunnena fiye da nasa, da wannan yardar na yanka shi.

Aiki ya fara lalacewa. Abin da ba ya ji a jabun sai ya ƙara masa ƙarfi, waƙa ta fita tana tsaga kunne. Mawaƙa suka riƙa dawo da aiki, wasu suka koma Kano. Ni da kaina na goya shi a babur zuwa asibiti. Aka duba aka ce ba a ga komai ba, ya ce tausayinsa kawai ake ji. Ya koma ɗiga man gargajiya a kunnen da lafiyarsa lau. Sau da yawa gaskiya ta zo mini har baki, sai in tuna kunyar da zan sha, in haɗiye. Kafin shekara ta zagayo ya sayar da kayan aikin, ya ce ba zai ci kuɗin mutane da kunnen da ya mutu ba. Ranar da zai koma ƙauye ya ba ni ɗan jari, ya sa mini albarka. Na karɓa, har da hawayen munafunci.

Da jarin nan na sari jabun iyafis kwali-kwali. Dabarar mai sauƙi ce. In sami mai son kiɗa kuma mai abin hannu, ma'aikaci a sakatariya ko ɗalibi ɗan gata a Kafin Hausa, in sa masa na Baffa a kunne, in gyara masa zaman robar yadda aka koya mini. Sai ka ga mutum ya lumshe ido. Yana cewa yana so, in miƙa masa sabon kwali a liƙe, in ce, "Kada ka yanke hukunci yau, sabo sai ya yi mako biyu kafin muryarsa ta buɗe." Kafin mako biyun na canza layin waya. Kusan shekara biyu ina wannan. Na daina zuwa gida, salla ma sai in na ga ido.

Dubuna ta cika ranar kasuwar Jahun. Ina tsaye ina sa wa wani mai shago iyafis a kunne, sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya. Wani malamin makaranta ne da na cuta a Dutse watanni baya. Ya ce, "Yau dai muryarsa ta buɗe!" Kafin in yi magana mutane sun rufe ni da duka. Ba don 'yan sanda sun iso ba, da a nan za a gama da ni.

A ofishinsu aka tambaye ni inda na sami iyafis na ainihin. Na gaji da ƙarya, na faɗa. Bayan kwana biyu aka kawo Baffa. Ya rame, ya ƙara furfura. Bai kalle ni ba. Jami'in ya miƙa masa iyafis ɗin ya ce, "Baba, naka ne?" Baffa ya juya shi a hannu, ya ce a sa masa wani abu ya ji. Aka jona a waya, aka kunna karatun Alƙur'ani. Ya ja kunnensa sama, ya murza a hankali. Sai na ga hawaye yana bin gemunsa.

Ya cire ya ce, "Ashe kunnena lafiyarsa lau."

Sannan ya juyo gare ni. "Da ka roƙa, wallahi da na ba ka."

Alƙali ya yanke mini shekara uku. Ba zan ba ku dogon labarin gidan yari ba. Akwai zafi, akwai ƙazuwa, akwai abincin da ba ka son tuna shi. Abokan da muka ci kuɗin tare ko ɗaya bai leƙo ba. Mahaifina ya rasu ina ciki, sai bayan sadakar bakwai labari ya iso mini. An ce tun ranar da abin ya faru bai ƙara iya haɗa ido da amininsa ba.

Da na fito, kafin in je ko'ina na nufi ƙauyen Baffa. Na same shi a inuwar ɗorawa yana gyaran igiyar shanu. Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yafe mini don Allah."

Ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Can ya ce, "Na yafe maka tun kana ciki, don ba na son in tsaya da kai gobe kiyama. Amma sana'ata ta tafi, aminina ya tafi da kunyata a ransa. Tashi ka je, malam. Kada ka ƙara zuwa."

Malam ya ce mini, kamar baƙon da ya tsaya tambayar hanya.

Yanzu ina dakon kaya a tasha a Dutse. Na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa. Waɗanda na cuta kuma na iya gano su, na je na nemi afuwa; wasu sun yafe, wani ya tofa mini yawu, kuma bai yi laifi ba.

Ku matasa, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. In abin wani ya shiga ranku, ku roƙa a fili, ko ku yi aiki ku saya, ko ku haƙura. In kuma shaiɗan ya riga ya ja ku kun ɗauka, ku mayar tun ranar, ku faɗi gaskiya ku sha kunyar yini guda. Ni na guji kunyar yini guda. Yau shekarata arba'in babu biyu, in na hango ɗan ƙauyenmu ya sauko daga mota, bayan buhu nake ɓuya har ya wuce.