Keziah Pruitt da Gwanjon Gonakin Kaskaskia

Keziah Pruitt ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba, don a zamaninta mata ba sa yi. Amma a yankinsu na Illinois, duk mai neman kujera sai ya tsaya ƙofar gidanta ya cire hula.

Daga Kentucky suka taso ita da mijinta Zadock, da keken shanu da gatari biyu. Suka sare daji a bakin kogin Kaskaskia, filin gwamnatin tarayya, ba takarda a hannunsu. A shekara ta huɗu zazzaɓi ya ɗauke Zadock. Ita kaɗai ta ci gaba da tumɓuke kututture tana shuka masara.

Shekarar zaɓen shugaban ƙasa aka ji za a yi gwanjon gonakin. Ana cikin wannan fargaba sai ga wani ɗan majalisar jiha, Thaddeus Crane, ya zo yi wa ɗan takararsu talla. Ya hau kan ganga yana ta yabon harajin da za a ɗora wa ƙarfen Ingila.

"Dakata, ranka ya daɗe," in ji Keziah. "Garma za ta yi tsada, gonar kuma za ku sayar. To a kan sanƙonka zan yi huɗa?"

Wuri ya kaure da dariya.

Ta bi gida gida da takardar koke, wanda bai iya rubutu ba ya ja alama. Ta hau alfadari zuwa Vandalia, babban birnin jihar a lokacin, ta zauna a ƙofar majalisa, ta ce ba ta tashi sai an karanta. Kwana biyu ana tafka gardama, daga ƙarshe aka amince a rubuta wa gwamnatin tarayya a Washington cewa wanda ya sare daji shi ya kamata ya fara saye. Crane da kansa ya miƙe ya goyi baya.

Amsa ba ta iso ba har ranar gwanjo. Keziah ta taho da maƙwabta sittin. Da aka kira gonarta, wani dillalin filaye ya fara ɗaga hannu zai taya. Maƙerin ƙauyen ya matso dab da shi.

"Baƙo, hannun ciwo yake maka? Kawo in duba."

Dillali ya cusa hannu a aljihu. Ranar kowa ya sami gonarsa a farashi mafi ƙasa, aka dawo gida ana waƙa ana harba bindiga sama.

Keziah ta shekara tamanin da ɗaya a duniya. Zuriyarta har yanzu suna noma wurin.