Munduwar Inna da magagarina

Shekara uku ke nan da rasuwar yayata Amna, amma har yau in na ɗauki magagari a garejinmu na unguwar Alshajara sai jikina ya yi sanyi.

Mu 'ya'yan masu tsinkar auduga ne daga yankin Jazira. Ni na ƙare a gyaran mota, ita kuwa ta yi karatu har ta samu aiki a wani ɗakin bincike a Omdurman. Aikinta, yadda ta sha bayyana mini, shi ne ta dafa bagaruwa ta haɗa ruwan da sinadarin azurfa, har azurfar ta koma ƙwayoyin da ido ba ya gani. Su ake fatan za su huda ƙwayar cutar da ta gagari kafso da allura. Nakan tsokane ta da bokanya mai farar riga. Takan yi dariya, ta ce a faranti kawai take gwadawa, ba a kai ga jikin mutum ba.

Abin da ke sa ta faɗa a gidanmu na unguwar Hajj Yusuf shi ne kafso. Mura kafso, ciwon ciki kafso, a sha biyu a ajiye saura, in an yanke a ɓare shi a barbaɗa a ciwon. "Dambe kuke koya wa cutar," in ji ta. Ba wanda ya saurare ta, har da ni.

Da yaƙi ya zo, tana layin ɗibar ruwa da hantsi bam ya faɗo. Mata biyu suka mutu nan take, ɗaya ba a samu kanta ba. Ƙarfe ya tsarge cinyar Amna har ƙashi. Wani ma'aikacin jinya na unguwa ya zaro shi ya ɗinke, ba allurar kashe zafi, ni na danne ta tana cizon mayafi. Kwana biyar ciwon ya fara wari, yana zubar da ruwa kore. Allura iri uku aka yi mata, kamar ruwa ake zubawa. Ita da kanta ta duba ta faɗi sunan cutar.

Na ce zan ƙetara Omdurman in ɗauko kwalaben gwajinta. "Kalas, bar shi, Usman, ba su zama magani ba tukuna," ta ce. Na ƙi ji. Kafin gadar shiga Omdurman masu bindiga suka sauke mu daga raksha, keken nan mai ƙafa uku, suka harbe direban a gabana, suka zubar mini da haƙora biyu da gindin bindiga. Na dawo hannu wofi.

Sai Inna, mahaifiyarmu, ta zare munduwar azurfarta ta aure ta miƙo mini. "Ba azurfa ce aikin nata ba? Ga azurfa. Goge." Na san ba haka abin yake ba, amma na durƙusa na goga. Inna ta jiƙa bagaruwa ta zuba garin a ciki. Amna ta buɗe ido cikin zazzaɓi ta ga abin da muke yi.

"Inna, wannan ai duwatsu ne a wajen cutar," ta ce. Sai ta dubi fuskar tsohuwar. "To, sa mini. Allah ya sa albarka."

Bayan kwana uku ta cika. A bayan gida muka binne ta, don hanyar maƙabarta ba ta biyuwa.

Da hanya ta buɗe na je ɗakin binciken. Gilashi a farfashe, an ƙona littattafanta an dafa shayi. A kasuwar Hajj Yusuf kuwa kafso na nan jibge a tebur cikin rana, ana sayar da shi ɗai-ɗai ga masu raunin da ya ƙi warkewa. Da Amna ta gani, da an ji muryarta daga tasha. Ina ji a waya cewa masu irin aikinta suna ci gaba a wasu ƙasashe. Na san za ta yi murna, kuma za ta ce kada a yi gaggawa. Ni dai haushi nake ji, ba na ɓoyewa.

Abin da ya rage mini nata kaɗan ne. Ba a ƙara ɓare kafso a gidana, kuma in likita ya rubuta sai an shanye. Munduwar tana hannun Inna, gefe ɗaya a shafe. Wani lokaci takan shafa wurin da babban yatsa ta ce, "Da ka ƙara gogawa, Usman. Kaɗan muka sa." Shekara uku ina ce mata, "Haka ne, Inna."