Sha-kauci da Ɓeran Daji

A gonarmu ta Barmu akwai wata bagaruwa da kauci ya kama. Idan kaucin ya yi fure, wani ɗan tsuntsu yakan zo, bai kai babban yatsa ba, wuyansa kore mai walƙiya. Sha-kauci muke ce masa, kuma ba kowace shekara ake ganinsa ba. A gindin itacen kuwa ramukan ɓeran daji ne, mai dogayen ƙafafun baya, wanda ke jan tsaba ya ɓoye.

Inna takan ce ƙanena ne tsuntsun, ni ne ɓeran. Shi sai ya sami zaƙi kullum, ni kuwa ko ruwa ban sha ba ina nan. Ba ta yi ƙarya ba. Na zauna a Tawa ina sayen hatsi da kaka, in sayar da bazara, har na gina mangaza ta ajiyar hatsi. Shi ya tafi biɗa Abijan, yana zuwa da damina cikin shadda mai sheƙi, ya cika gida da dariya, ya koma. Daga baya zuwan ya yanke.

Bara aka kawo mini shi ba lafiya. Likita ya faɗa mini gaskiya, na riƙe a raina. Abu guda ya roƙa: in kai shi gona ya ga tsuntsun. Na ce kauci bai yi fure ba, ya ce mu dai je.

Muka tarar da bagaruwar tsaye, amma ba kauci ko reshe ɗaya. Mai noma mana gonar ya ce 'yan kasuwa sun yanke shi tas, suna haɗa maganin ciniki. Ban yi mamaki ba, na san masu sayensa, layinmu ɗaya a kasuwa.

Na shimfiɗa masa tabarma, muka jira har la'asar. Ba abin da ya sauka. Ya daɗe yana kallon ramukan nan, sababbi, ƙasarsu da danshi.

"Yaya, naka yana nan," ya ce. "Har ya ƙara ɗakuna."

Na yi dariya don ya yi. Ya rasu kafin lokacin kaka.

Da ciniki ne, har gobe ɓeran zan zaɓa, shi ke kai bazara. Amma ban taɓa jin wanda ya roƙi a kai shi ya ga ɓera ba.