Gerlof Mai Aski da Agwagwar Sojan Ruwa

Gerlof Duinker bai taɓa sa kakin sojan ruwa ba, amma rabin kawunan sojan ruwan garin Den Helder sun bi ta ƙarƙashin almakashinsa. Mahaifinsa kafinta ne a ma'aikatar gyaran jirage, shi kuma ya tashi ba shi da wani buri sai shiga teku. Da shekarunsa suka kai ya je gwaji. Likita ya rufe masa idon dama, ya ce ya karanta allo, na hagun bai ga komai ba sai hazo. Ya dawo gida ya shige ɗaki, ko tayin abinci bai amsa ba. Kawunsa Sietse, wanda ke da shagon aski kusa da ƙofar sansanin sojan ruwa, shi ya zo ya fito da shi.

"Tashi, ɗana," in ji shi. "In teku ta ƙi ka, ai masu shigarta suna da gashi. Gobe ka same ni a shago."

Haka ya zama mai aski, daga baya ya gaji shagon. Kujerar aski kuwa tana kwance bakin mutum. Soja zai zauna, a yafa masa ƙyalle, kafin a gama gefe ɗaya ya ba da labarin guguwar da ta kusa cinye su, da kyaftin ɗin da ke tsoron matarsa fiye da igiyar ruwa. Gerlof ba ya gajiya da tambaya. Ina kuke kwana? Bindigar gaba ta wane gefe ake hawanta? Tsanin nan na ƙarfe ne ko na igiya? In ya rufe shago sai ya shiga ɗan ɗakin baya, ya ɗauki katako da zarto da magagarin da mahaifinsa ya bar masa, ya mayar da abin da ya ji ya zama jirgi. Na farkon ya fi kama da takalmi. Na bayansa suka riƙa gyaruwa, har tagar shagon ta cika da ƙananan jiragen yaƙi, masu wucewa a keke suna taka burki don su kalla. Matarsa Hiltje takan ce ita mutum ɗaya ta aura, ta tarar da runduna, kuma babu kofin shayin da za ta ɗauka a gidan ba ta ga burushin fenti a ciki ba.

Samarin da ya fara yi wa aski suka yi furfura a hannunsa, wasu ma gashin ya gudu, amma ba su daina zuwa ba. Cikinsu akwai Rinus Blaauw, tsohon mai kula da inji, da Wiebe Stam, kuku. Tare suka yi aiki a wani jirgin katako mai share nakiyoyin da yaƙi ya bari a teku. Jirgin yana da sunansa na hukuma, amma babu mai kiransa da shi. Agwagwa suke ce mata, don in ruwa ya motsa haka take rangaji.

Wata ranar Talata Rinus ya shigo ya zauna a benci bai cire hula ba.

"Injiniya, yau babu gaisuwa?" in ji Gerlof.

"Sun farfasa Agwagwa, Wanzami. Tun da aka sayar da ita ƙasar waje nake cewa aƙalla tana kan ruwa. Jiya na ji labari. Ko ƙusa ba ta rage ba."

Wiebe, wanda ke kan kujera da kumfa a haɓa, ya ɗago kai. Ya dubi Gerlof ta cikin madubi.

"Ka ƙera wa kowa nasa, har na waɗancan masu girman kan na manyan jirage. Mu fa? Kuma ba ta zaman taga muke so ba. Wadda za ta yi iyo."

Gerlof ya goge rezarsa ya ce zai gwada, amma da sharaɗi: zanen da ya iya samu na waje ne kawai, sauran sai daga bakinsu.

Ashe ya janyo wa kansa. Labari ya bazu, tsofaffin Agwagwa suka riƙa ɓullowa, wani da sanda, wani a keken guragu da 'yarsa ke turawa, kowa da tsohon hoto a aljihu. Shago ya koma majalisa. Kuma ba a taɓa samun biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba.

"Bututun hayaƙin kicin a hagu yake," in ji Wiebe.

"A dama!" in ji Rinus. "A dama! Ni da hayaƙin ƙonanniyar shinkafarka ya kusa kashewa zan manta?"

"Ƙonanniya? Wa ke zuwa neman ƙari kamar marayan kare?"

"Yunwa ce, ba daɗi ba. Wanzami, sa shi a dama."

Gerlof ba ya shiga faɗan. Yakan jera hotunan a kan tebur, ya kanne idon hagu, ya duba da gilashin ƙara girma. Sai ya gano duk su biyun suna da gaskiya, an taɓa canja wa bututun wuri a wani gyara. Da ya faɗa musu babu wanda ya ji daɗi, don an raba su da abin musu. Kafin sati ya zagayo sun samo wani: lotsawar da ke goshin jirgin, wa ke riƙe da sitiyari ranar da ta gogi gada. A nan ma Gerlof bai yanke hukunci ba, ya dai ɗauki magagari ya yi lotsawar daidai inda take a hoto.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta shigo, Aukje, matar marigayi Douwe wanda shi ma ɗan Agwagwa ne. Ta zaro wani guntun katako daga jakar cefane ta ajiye a kan tebur.

"Daga dandamalinta ya fito, inda kuke takawa, lokacin wani gyara. Maigidana ya adana shi cikin akwatin kayansa har ya rasu. In zai yi amfani, ga shi."

Rinus ya shafa katakon, ya ba da labarin da Gerlof bai taɓa ji ba duk daɗewarsu tare. Wata rana cikin hunturu suka tarar da kwalekwalen masunta ya kife. Douwe ya ɗaure igiya a ƙugu ya faɗa ruwan da ke yanka kamar wuƙa, ya fito da mutum biyu, ya koma neman na uku bai same shi ba. Da suka jawo shi jikinsa ya sandare, Wiebe ne ya kwantar da shi kusa da murhu yana ɗura masa miyar wake da cokali.

"Bai taɓa faɗa mini ba," in ji Aukje. "Ya dai ce mura ya yi."

Gerlof ya yanka katakon nan siri-siri kamar tsinken ashana, ya shimfiɗa dandamalin da shi, ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya ci hunturu biyu. Ya tanƙwara wayar tagulla ya yi shinge, ya murɗa zare ya yi igiyoyi, ya yi tukunya ƙarama kamar ƙwayar wake ya sa a kicin inda sai ka leƙa ta taga za ka gan ta. A gefen hagu ya tsayar da ɗan mutum da igiya a ƙugu. Tsawon jirgin ya kai na hannun babban mutum, da ɗan injin batir a ciki.

Ranar da za a sa ta a ruwa, da bazara ne, a tabkin lambun gari. Tsofaffin suka zo da hulunansu na soja da lambobi a ƙirji, iyalansu a baya, Hiltje da kwandon burodi da cuku. Gerlof ya durƙusa ya ajiye ta a kan ruwa, ya taɓa rimot. Ta tafi. Iska ta ɗan kaɗa, sai ga ta tana rangaji hagu da dama.

"Ita ce!" Wiebe ya yi ihu. "Ku dubi tafiyar! Ita ce mana!"

Babu wanda ya ba da umarni, amma duk wanda zai iya miƙewa ya miƙe ya ƙame. Na keken guragu ma ya ɗaga hannu zuwa goshi. Aukje ta rufe baki da gyale.

Tana isa tsakiyar tabkin injin ya mutu. Gerlof ya danna rimot, ya sake dannawa, shiru. Agwagin gaske suka zo suna kewaya ta.

"To, ai yanzu ta cika Agwagwa," in ji Wiebe. "Haka injin Rinus yake, sai an fi buƙatarsa yake barci."

"Rufe mini baki, Kuku."

Kafin a ankara Rinus ya cire takalma, ya naɗe wando. Mutumin da ya haura tamanin. 'Yarsa ta riƙe masa riga tana cewa, "Baba, don Allah, ruwan da sanyi!" Ya fizge.

"Ban taɓa barin ta a tsaye a tsakiyar ruwa ba, ba kuma yau zan fara ba."

Ya shiga, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ya ɗaga murfin, ya zura yatsa, ya tarar ciyawa ce ta naɗe farfela. Ya warware ta, ya waiwayo ya ɗaga murya kamar yana ɗakin inji: "Kyaftin, inji ya shirya! Ja mu je!"

Gerlof ya duba bayansa don ya ga da wa ake, sai ya ga kowa shi yake kallo. Ya danna, Agwagwa ta zabura, lambun ya kaure da tafi. Rinus ya fito yana karkarwa yana dariya, Wiebe ya yafa masa kwat ɗinsa yana zaginsa.

Yanzu tana cikin akwatin gilashi a gidan tsofaffin sojan ruwa, ana fito da ita duk bazara. Gerlof ya sayar da shagon da ƙafafunsa suka gaji da tsayuwa, amma yakan je can da almakashinsa ya yi aski kyauta, kuma in baƙi sun zo ganin jirgin shi ake turawa ya ba da labarin Douwe da masunta. Kwanan baya wasu dattawa uku suka tare shi a bakin ƙofa, tsofaffin ma'aikatan jirgi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, suka ce su ma nasu suke so.

"Hannuna ya fara rawa," in ji Gerlof. "In ya nutse fa?"

"Namu ai aikinsa ke nan," in ji babbansu. "Kai dai ka tabbata ya dawo sama."

Gerlof ya yi dariya, ya ce su zo da hotunansu ranar Laraba.