Wardin da Adjara Ta Bari a Sanyi

Adjara mutuniyar zangon Kumasi ce, aikinta a New York jinyar tsofaffi a gidajensu. Mace ce da ba ta iya ganin abu cikin sanyi ta ƙyale. Ko ƙato ta gani ba hula a tashar jirgi, sai ta yi masa faɗa.

Ta daɗe tana kula da wata tsohuwa a unguwar Jamaica, wadda take kira Kaka. A bayan gidan akwai wani wardi mai ƙaya, tsohon iri, ba irin na kanti da ke da kyan gani babu ƙamshi ba. Sau ɗaya yake fure a shekara, amma ƙamshinsa har bakin titi. Daga ƙofar kakar Kaka aka ɗebo shi, can kudancin ƙasar.

Da mantuwa ta fara cin ƙarfin tsohuwar, 'ya'yanta suka sa gidan a kasuwa, za su kai ta gidan tsofaffi. Ta riƙe hannun Adjara ta ce kada ta bar wardin nan ya mutu. Adjara ta tono tsiro uku da saiwarsu, ta dasa a bokitai a lambun unguwarsu na Highbridge.

Sanyi na shigowa ganye ya zube. Hankalinta ya tashi. Ta kinkimi biyu ta haura da su ɗakinsu a sama, ta ajiye gefen hitar ɗumama ɗaki, tana ba su ruwa safe da yamma. Mijinta Mahamudu, direban tasi, ya ce saura ta dama musu koko. Gatan ne ya kashe su: suka yi tsiro fari siriri, saiwa ta ruɓe.

Ta sauko ɗaukar na ukun, sai dattijuwar da ke kula da lambun ta tare ta. Ta ce irin wannan wardin bai mutu ba, barci yake yi, sanyin ma yana so. A binne bokitin cikin ƙasa, a rufa busasshen ganye, a ƙyale shi.

Ƙyalewar nan ita ce aiki mafi wuya da Adjara ta taɓa yi. Ta wuce ta ga dusar ƙanƙara ta danne shi, ta kau da kai, zuciyarta na ciwo.

Ya farfaɗo, amma fure sai a shekara ta biyu. Ta yanki na farko ta kai gidan tsofaffin. A lokacin Kaka ba ta gane kowa, har 'ya'yanta. Ta karɓa ta shinshina, sannan ta ɗago ta harari Adjara.

"Ke, wa ya ba ki izinin tsinkar mini fure?"

Adjara ta durƙusa, hawaye na zuba, tana dariya.

"Tuba nake, Kaka. Sauran suna nan, ban taɓa ba."