Gangar da na yi ta nema da sukudireba

Sau uku na kwance rediyon Baba Danjuma ina neman inda ganga ta maƙale.

Tsohon malamin makaranta ne a nan Ketaren Gwari, ya kawo min rediyonsa mai kaset in gyara. Na canza bel ɗin da ke juya kaset, na kunna kaset ɗin da ke ciki. Waƙar Turawa ce. Jita kaɗai ke kuka a hankali ta sifikar hagu, ta dama kuwa tsit. Babu ganga, babu murya. Na ce shi ke nan, ɓangare ɗaya ya mutu. Sai in kashe, in kwance, in ɗaura, in mayar da kaset farko.

Jiya da ya zo, na sunkuyar da kai na faɗi abin da ban taɓa faɗa a shagon nan ba.

"Baba, aikin nan ya fi ƙarfina."

"Minti nawa kake barinta?"

"Ɗaya, Baba."

"To, zauna a kan hannuwanka."

Ya kunna kaset, na zauna. Can wajen minti huɗu, sarewa ta lallaɓo ta dama. Sai ganga ta shigo da nauyi, ɗaya-ɗaya, muryar mutum ta biyo kamar wanda ya daɗe yana haɗiye kuka. Tsikar jikina ta tashi, alhali ko kalma ɗaya ban gane ba.

Baba ya ce, "Rediyo ta warke tun ran farko. Mai gyaran ne da saura."

Tun jiya nake tunanin mutanen da na katse kafin su kai ga maganarsu. Jama'a, ni kaɗai ne?