Takardar da Inna Ta Tsinta Cikin Ɓawon Gyaɗa

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen kaka, ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa, aka raba mana takardar sakamakon jarrabawa. Ni na zo na ɗaya. Da gudu na ratsa gonakin da aka riga aka girbe, tushiyar dawa tana yankar ƙafata ban ko ji ba, na faɗa gida ban ƙarasa sallama ba. Inna tana zaune a gindin darbejiya ita da matan maƙwabta, sun baza tabarmi suna ɓarar gyaɗa. Na miƙa mata takardar ina haki. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Hadiza, ce wa wancan awaki ba su sha ruwa ba."

Ni ne wancan. Ni ne ɗan farinta, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma ni yaro ne mai zuciya a kusa, kuma abin ya daɗe yana cin raina. Sau nawa a rana nake jin tana kiran ƙannena Hadiza da Garba, ta aike su, ta tsokane su, ta yi musu faɗa? Wallahi har faɗan nake yi wa kwaɗayi, don da suna ake yin sa. Ni nake ɗebo ruwa a rijiyar bayan gari, ni nake yiwo wa awaki ciyawa, ni nake kai wa Baba fura gona, amma duk saƙona ta bakin wani yake zuwa. Ranar da na fasa babban yatsa wajen langa, Hadiza Inna ta aiko da ruwan zafi da man kaɗanya, ita kuwa ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba ta ga jinin ba.

To a ranar nan sai zuciya ta kwashe ni. Na wurga takardar cikin tarin ɓawon gyaɗa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Ni dai na san ba ke kika haife ni ba!" Hannun Inna ya tsaya cak a kan gyaɗar, can kuma ya ci gaba. Kafin la'asar na naɗe tabarmata na koma sashen Iya, kakata ta wajen uba. Babu wanda ya hana ni, don dama ana cewa ɗan fari na kaka ne.

Daga wajen Iya na tafi makarantar kwana, daga can na sami aiki a Kano. Da na yi hankali na gane maganar da na yi ba ƙarama ba ce, na ƙudurta zan roƙi gafararta. Amma duk zuwan da zan yi, in na durƙusa a ƙofar ɗakinta, sai ta kau da kai ta ce, "An zo lafiya?" Ni ma sai kunya ta rufe ni, in tambayi damina, in tambayi awaki, in ajiye tsaraba in tashi. A mota ina komawa in ce wa kaina sai wani zuwan. Haka na yi ta yi shekara ashirin da wani abu.

Daminar bara waccan, da safe, Hadiza ta bugo waya tana kuka. Kafin in sauka daga bas in hau babur zuwa ƙauye, an riga an yi wa Inna sutura. Na durƙusa a gaban makara na faɗi abin da na daɗe ina ajiyewa, sai dai babu mai amsa mini.

Bayan sadakar uku mata suka shiga haɗa kayan ɗakinta. Hadiza ta kira ni gefe, ta buɗe wata tsohuwar kwalla, ta zaro wani ƙulli a cikin ɗankwali. Takardata ce, ta yi ja, ta kusa rabewa a wajen ninki. Ta ce, "Yaya, ran nan da matan suka watse, da hannunta ta tono ta cikin ɓawon. Ka san ba ta iya boko ba. In ta gama aiki sai ta kira ni ɗaki, ta saki labule, ta ce in karanta mata. In na fara da makin lissafi sai ta ce, 'A'a, faro daga sama.' Ko bayan na yi aure, in na zo gida sai ta ɗauko ta."

Na duba saman takardar. Babu komai a wajen sai sunana, Nasiru, da rubutun malaminmu. Ashe abin da bakinta ya kasa faɗa shi take sa a faɗa mata ta saurara. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Yanzu zamani ya sake. Matata tana kiran 'yarmu ta fari da sunanta tun daga safe, ta rungume ta a gaban kowa, kuma ina jin daɗin hakan. Ni ma a wajen aiki da waya ana kiran sunana har in gaji da amsawa. Amma in na je ƙauye na zauna a gindin darbejiyar nan, ba abin da kunnena yake nema sai muryar da za ta ce a gaya wa wancan abinci yana hucewa. Allah ya jiƙan Inna. Ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, ni kuma na bari ta tafi da maganata ban janye ba.